Yawon Ƙafa a Kawo: Daga Tandar Masa Zuwa Tukubar Mai Tsire

Da yawa daga cikin masu cewa sun san Kawo, ta tagar mota suka san ta. Wanda ya taso daga Kano ko Zariya, da zarar ya wuce Jaji da Maraban Jos da Rigachikun, Kawo ce ke fara yi masa barka da zuwa Kaduna. Sai dai ba ya tsayawa. Ko ya miƙe titin Ali Akilu ya shige cikin gari, ko ya karkata ta Mando ya kama hanyar bayan gari, abin da zai iya tunawa bai wuce gada da hayaniyar 'yan kamasho ba. Wannan ya sa a hutun ƙarshen shekara, mu huɗu muka ware yini guda don mu taka unguwar da ƙafa, da sharaɗi biyu: ba hawa abin hawa sai an gama, kuma ba shiga gidan abinci. Duk abin da za mu ci, sai wanda ake sayarwa a bakin hanya ko a kan faranti.

Talata muka zaɓa, domin ita ce ranar da kasuwar Kawo ke ci. Ku lura da wannan idan kuna son bin sawunmu: Talata ranar makaranta ce, don haka yawon na lokacin hutu ne, kada wani ya tsere daga aji ya ce mu muka aike shi.

Mun fara daga gindin gada da misalin ƙarfe bakwai na safe, hazo bai gama washewa ba, sanyin hunturu yana ratsa rigunanmu. Gadar nan sabuwa ce. An rushe tsohuwar a zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, aka gina wannan mai faɗi da shataletale a ƙasanta, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Janairun 2022. Direbobi sun ji daɗinta ƙwarai. Mai tafiya a ƙasa kuwa sai ya yi da gaske, domin hanyar da ta yi faɗi da santsi mota ba ta rage gudu a kanta. Mun tsaya mun jira wasu dattawa masu zuwa kasuwa, muka bi ayarinsu muka tsallaka tare.

Ƙamshi ne ya ja mu wajen mai masa, a kusa da tasha. Dattijuwa ce, tana zaune a kan 'yar kujera, tanda biyu a gabanta, wata yarinya tana gyara mata itace.

“Inna, ina kwana? Ya sanyi?”

“Lafiya lau, 'ya'yana. Ta nawa za a zuba muku? Da miya ko da ƙuli?”

Muka ce a raba, rabi da miyar taushe, rabi da garin ƙuli. Ta nuna mana benci. Wanda bai taɓa zama ya kalli mai masa tana aiki ba, ya yi asarar kallo. Ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta bi da ludayin ƙullu, kafin ta kai gurbi na ƙarshe na farko ya soma kumbura yana huda ƙananan ƙofofi, sai ta dawo da cokali tana juyawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta duban agogo, ba ta ƙona ko guda. Da muka tambaye ta sirrin, sai ta ce aikin ba na safe ba ne, na jiya ne. Tun da rana ake jiƙa shinkafar tuwo, a kai inji a niƙa, a haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa da yis, a rufe a bar shi ya kwana. Masu karatun kimiyya sun san abin da ke faruwa a cikin robar nan da dare: yis yana cin sukarin da ke cikin ƙullun, yana fitar da iska, iskar ce ke tayar da shi, ita ce kuma ƙofofin da muke gani a cikin masa. Ɗan tsamin da ake ji a harshe shi ma daga kwanan ya samo asali. Inna ta ce da sanyi ƙullu yakan yi nawar tashi, sai ta ajiye shi kusa da murhu, da bazara kuwa idan ba a yi hattara ba ya zarce ya yi tsami. Abin da malamin kimiyya yake zanawa a allo game da zafi da ƙwayoyin halitta ke nan, ita ta san shi da hannu.

Ɗaya daga cikinmu, mai yawan kallon bidiyon ƙasashe a waya, ya ce ai mutanen birnin Osaka na ƙasar Japan ma suna da tanda. Gaskiyarsa. Tasu ta ƙarfe ce mai ƙananan gurabe, suna zuba ƙullun fulawa da yankan naman wata halittar teku mai hannuwa takwas, suna juyawa da tsinke har ya zama dunƙule. Sunan abin takoyaki, kuma baƙi daga ƙasashe masu nisa suna bin layi a unguwar Dotonbori don su ɗanɗana. Inna ta saurara, ta yi dariya, ta ce ita dai a bar ta da shinkafarta.

A zaune muka cinye, ba mu tashi da ita a hannu ba. A gidajenmu an hana mu cin abinci a tsaye ko ana tafe, kuma ashe ba mu kaɗai ba ne: a shekarar 2019 hukumar birnin Kamakura, can Japan ɗin, ta fitar da ƙa'ida tana roƙon masu yawon buɗe ido su daina ci suna tafiya a wuraren cunkoso, saboda shara da ɓata tufafin mutane. Mu ma muka ɗauki wannan a matsayin sharaɗi na uku.

Tashar Kawo ba ta buƙatar dogon bayani. “Zariya! Zariya mutum ɗaya!” “Kano, Katsina, Funtuwa!” Ko'ina ka juya mutum ɗaya ake jira, ko da motar babu kowa a ciki. Mun sayi ƙosai mai zafi a bakin ƙofa, muka ƙi karɓar koko a leda. Zuba abu mai tururi a farar leda ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare, amma mu ba ta kwanta mana ba, don haka muka sha namu a kofi a nan wurin, muka mayar.

Kafin ƙarfe goma kasuwa ta cika ta batse har bakin titi. Ranar Talata mutanen ƙauyukan kewaye suke shigo da kayan gona, ga doya, ga dankali, ga tumatir da tattasai kwando-kwando, ga kaji a akurki, ga masu gwanjo sun baza kaya. Za ka ji Hausa da Fulatanci da Gwaranci da Yarbanci da Turancin buroka a cikin taku ashirin. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda aka yi garin. Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, su ne tsofaffin mazauna wannan yanki. Turawa ne suka zaɓi wurin saboda kogi da layin dogo, suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, sai sojoji da ma'aikata da 'yan kasuwa suka biyo daga ko'ina. Kowa kuma ya zo da tukunyarsa. Shi ya sa a layi ɗaya za ka ga mai ɗanwake, kusa da ita mai alale, gaba kaɗan mai gasa ayaba.

Inda muka fi daɗewa shi ne wajen wani dattijo mai teburin kayan zaƙi. Ba mu taɓa ganin an tara su wuri ɗaya haka ba. Ga kantun riɗi an yanka shi murabba'i, ga alewar gyaɗa, ga dakuwa, ga kwakumeti, ga gullisuwa da tuwon madara a cikin kwalabe, ga iloka a naɗe, ga mazarƙwaila an jera kamar ƙananan faya-fayai.

“Baba, hanjin ligidi fa?”

Ya ɗago ya dube mu. “Kai, samari, a ina kuka san hanjin ligidi? Ai yanzu sai an yi sa'a. Yaran yanzu ba sa tambayarsa.”

Ya ce matan aure ne suke yi masa yawancin kayan a cikin gidajensu, shi kuma yana sara. Da can, in ji shi, kafin azahar ya sayar da rabin tebur ga yara kaɗai. Yanzu yaro yana zuwa da kuɗinsa zai wuce shagon gaba ya sayi biskit ko alewa mai takarda mai ƙyalli, masu sayen nasa kuwa sun koma manya, masu neman abin da suka ci suna ƙanana. Ga sukari da madara sun yi tsada, mai yin tuwon madara idan ta lissafa abin da ta kashe sai ta ga wahala kawai ta sha, wasu sun ajiye sana'ar. Mun tsaya muna tunanin wannan magana. Ku ɗauki gullisuwa misali. Idan matan da suka iya suka daina, 'ya'yansu kuma ba su koya ba, shi ke nan ta tafi, ba wanda zai yi shelar ranar da ta ɓace.

Muka sayi kaɗan-kaɗan daga kowanne, muka koma gefe muka baje a kan takarda. Ga hukuncinmu, wanda ba dole ne ku yarda da shi ba. Kantu ne ya zo na ɗaya, saboda ƙamshin soyayyen riɗi da yadda yake ƙaras-ƙaras ba tare da ya nemi karya haƙori ba. Riɗin nan da muke rainawa yana cikin manyan kayan gonar da Nijeriya ke fitarwa waje, kuma Japan tana cikin manyan masu saye, can suna matse mai da shi suna barbaɗa shi a abinci. Dakuwa ta zo ta biyu: aya da gyaɗa ne aka soya aka daka da sukari da ɗan yaji, tana narkewa a baki, yajin kuma sai daga baya yake sallama. Gullisuwa, wato madara da sukari da aka dafa har suka ƙafe sannan aka soya suka yi ja, ta raba mana kai, biyu suna so, biyu suka ce zaƙin ya yi yawa. Iloka kuwa ta riƙe wa ɗayanmu haƙora har ya kasa ba da ra'ayi.

Mazarƙwaila daban take, don ba a sa mata sukarin kanti. Ruwan rake ne zalla. A ƙasar Maƙarfi da kewayenta, inda noman rake ya kahu, ana matse raken a injin da doki ko shanu ke juyawa, ko na zamani mai amfani da mai, a tafasa ruwan a manyan kasake har ya yi kauri ya yi duhu, a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Lokacin sanyi ne kakarta, shi ya sa muka same ta sabuwa, tana ƙamshin hayaƙi. Mun tambayi Baba alkaki da nakiya, ya ce waɗannan ba kayan tebur ba ne, kayan gara ne, sai an ba da aiki ake yi idan biki ya taso. Nakiya, ga wanda bai sani ba, shinkafa ce ake soyawa a daka da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙamshi irin su kimba da citta, kuma takan yi watanni ba ta lalace ba. Mutanen Japan ma suna da abin da suke dakawa a turmi da shinkafa lokacin sabuwar shekara, suna kiransa mochi, sai dai nasu dafaffiya ake kirɓawa, yana da danƙo, ba ya da yaji.

Bayan wannan zaƙi sai ƙishi. Zoɓo da kunun aya suna ko'ina a cikin robobi masu ƙanƙara, amma a nan muka yi taka-tsantsan. Abin da aka soya a gabanka, wuta ta yi maka rabin aikin tsafta. Abin sha mai sanyi kuwa ba ka san ruwan da aka haɗa shi da shi ba, ba ka san inda aka tsinto robar ba, kuma ta gurɓataccen ruwa ne cutar amai da gudawa da zazzaɓin taifod suka fi yaɗuwa. Muka nemi wadda ke zubawa daga babbar kula mai murfi, muka sa ta zuba mana a gorunan da muka zo da su. Zoɓonta ya ji citta da kanumfari. Cittar ma 'yar jiha ce, daga kudancin Kaduna ake nomo ta, wajajen Kachiya, zoɓon kuma 'yan kasuwa suna loda shi zuwa Meziko, inda su ma suke jiƙa shi su sha da sanyi.

A nan ne wata yarinya mai farantin gyaɗa da aya ta tsaya kusa da mu. Ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba.

“Yaya, a sayi gyaɗa mana.”

“Ƙanwata, ajinki nawa?”

Ta ce aji biyar take a firamare. Ranakun makaranta sai an tashi take ɗaukar talla, ban da Talata, ranar kasuwa ba ta zuwa aji sam, domin cinikin ranar ya fi na sauran kwanakin a haɗe, kuma da shi ake cefane. Ku lissafa da kanku: Talata ɗaya a kowane mako, yini guda na karatunta ke nan yake tafiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a Nijeriya. Dokar tana nan a takarda, yarinyar kuma tana nan a kasuwa. Ba mu da bakin zagin mahaifiyarta, don ba mu san abin da ke cikin tukunyarsu ba, kuma da yawan kayan daɗin da muke yabo a wannan shafi a kan irin waɗannan yara suke isowa gare mu. Mun sayi gyaɗar. Ta ƙirga canji daidai, da sauri fiye da yadda mu za mu yi.

Mun yi sallar azahar a wani masallaci da ke bakin kasuwa, muka huta a inuwa, sannan muka gangara ta cikin layuka zuwa Unguwar Dosa, inda kwalejin tunawa da Sardauna take. Cikin unguwa shiru ne idan aka kwatanta da bakin titi, sai yara masu buga ƙwallo da ƙarar injin markaɗe. Da la'asar ta kawo jiki sai masu awara suka fara fito da kaskonsu ƙofar gida.

Awara ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce abincin 'yan makaranta na gaskiya: tana da araha, tana riƙe ciki, tana kuma gina jiki kamar nama da ƙwai. Wata matashiya da muka saya a wurinta ta bayyana mana aikin tiryan-tiryan. A jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace da ƙyalle a fitar da madararsa, dusar a ba dabbobi. A ɗora madarar a wuta, idan ta tafasa a zuba ruwan tsami, wanda yawanci ruwan da ya kwana a kan gasarar koko ne. Nan take madarar za ta tsinke, farin ya taso ya dunƙule, ruwan ya ware. A kwashe a zuba a ƙyalle, a sa attaruhu da albasa, a ɗaure, a ɗora dutse a kai ya tsane. Sai yanka da suya.

To, wannan abin da ta bayyana, shi ne mutanen Sin da Japan suka shafe ɗaruruwan shekaru suna yi, suna kiransa tofu. Su sukan ci shi fari, a miya ko da ɗan romo, mu kuma sai mun soya mun bi da yaji da kabeji, wasu ma har su tsoma a ƙwai. A ƙasar Hausa kuwa awara ba tsohuwar aba ba ce. Ku tambayi kakanninku, za su gaya muku ba su tashi da ita ba. Ta yaɗu ne bayan da masana aikin gona, musamman na cibiyar IITA da ke Ibadan, suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya daga shekarun 1980. Sunan ma ya yi kama da wara, cukwin nonon shanu da ake sayarwa a ƙasar Yarbawa, wanda ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya. Cikin shekarun da ba su kai na iyayenmu ba, baƙuwa ta zama 'yar gida, har wani zai rantse tun zamanin Bayajidda ake cin ta. Tamu mun ci ta da zafinta, gefen ya soyu, cikin da laushi, yajin ya sa mu hawaye muna ƙarawa.

Ɗanwake ya wuce mu, don na safe ne zuwa hantsi, kafin mu waiwaye shi an kankare tukunya. Fura ma mun haƙura da ita, cikin ba wuri.

Daga nan muka fito titin Ali Akilu, wanda aka sa wa sunan tsohon sakataren gwamnatin Jihar Arewa, muka miƙa kudu ta Unguwar Kanawa. Wannan ne yanki mafi tsawo a tafiyar, kuma mafi ƙarancin abin ci, sai dogayen katangun barikin soja da ofisoshi. Kada ku ɗaga waya ku ce za ku ɗauki hoto a nan. Mun sayi goruba da magarya a wajen wani mai baro, muka sa a aljihu saboda sharaɗi na uku. Ƙafafu sun fara ciwo kafin mu hango hasumiyoyin masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, wanda aka fara ginawa a 1962. Ba nisa daga nan Gidan Arewa yake, a titin Rabah, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har zuwa daren 15 ga Janairun 1966 da aka kashe shi. Daga baya aka mai da wurin cibiyar adana tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ɗakin karatu da kayan tarihi a ciki. Mun iso an tashi, kuma wuri ne da ya kamata a ba shi yininsa daban, ku roƙi malamin tarihinku ya kai ku.

Bayan magariba masu tsire suka kunna fitilu. Mun zaɓi tukubar da muka ga mutane sun fi yawa, don inda ake ciniki nama ba ya kwana. Mai tsiren ya jera tsinkaye kewaye da wuta, yana shafa mai yana juyawa, garin ƙulin da aka barbaɗa yana ƙamshi.

“Malam, a ƙara mayar mana da shi wuta ya yi zafi sosai.”

“An gama, Alhaji,” in ji shi, alhali ya ga ko gemu ba mu da shi.

Ya miƙa hannu zai yago tsohuwar jarida, muka ce ya yi haƙuri ya sa mana a farantinsa, tawadar bugu ba abin ci ba ce, ko da ta wannan jarida ce da kuke karantawa. Ya yanka albasa da tumatir, ya zuba yaji a gefe. Muka zauna a bencinsa muka lissafa abin da kowa ya kashe tun safe, muka ware kuɗin motar komawa Kawo, ragowar muka haɗa muka sayi kilishi ƙulli ɗaya na tsarabar gida. Mai shayin da ke gefe yana ta fifita wuta yana kiranmu, muka ba shi haƙuri.